Matar Kunkuru Ta Koyi Faɗa

A layin masu gyara, in ka ce kana neman mai gyaran talabijin za a tambaye ka wanne daga ciki, amma in ka ce Kunkuru, ko baƙon jiya zai nuna maka shagon da baki. Ɗan ƙaramin shago ne a matse tsakanin mai aski da mai ɗinkin kujeru, cike da talabijin ɗin da masu su suka kawo gyara suka manta da su. Warin dalma ne ke fara yi maka maraba. Shi kuma yana can ciki a sunkuye, fitila a goshi, yana bin siraran wayoyi da bakin ƙarfe mai zafi kamar mai cire wa yaro ƙaya a tafin ƙafa.

Ba a wurin aiki ya samo sunan ba, don hannunsa ba ya nawa. A gem ya samo shi. Tun suna samari, shi da Dogo direban babbar mota da mai askin nan maƙwabcinsa suke buga wani gem na faɗa, irin wanda kowa zai zaɓi jaruminsa a yi ta naushi da shuri har jinin ɗaya ya ƙare. Jinin nan wani dogon zane ne a saman talabijin, kowane duka yana rage shi. Mutane kan yi rububin masu aman wuta da masu tashi sama, shi kuwa tun ranar farko wani tsoho mai sanda ya ɗauka, bai kuma taɓa sakinsa ba. Sai ya ja da baya ya tsuguna ya kare kansa, ka yi ta duka kamar mai dukan bango, har ka ƙosa ka yi ganganci. Nan zai miƙo sanda ya ƙwale ka sau ɗaya, ya mai da kai ciki.

"Wannan ai ba faɗa ba ne, zaman jiran fasinja ne," in ji Dogo, duk lokacin da aka cinye shi. "Fito mana, Kunkuru! Fito a yi ta ta ƙare!"

"Ina nan inda ka bar ni," haka yake amsawa, ko murya ba ya ɗagawa.

Matarsa ba ta taɓa kiransa Kunkuru ba. Maigida take cewa, in kuma ya ba ta haushi ta ce Injiniya. Shi kuwa Sakatariya yake ce mata, saboda aikinta buga takardu ne a wani shagon kwamfuta. Ta yi shekaru tana ƙin gem ɗin nan kamar ciwon haƙori. Duk ranar hutu da rana sai su cika mata falo, maza uku da furfura a gemu, suna ihu suna buga cinya. Takan kawo shayi ta dire ta ce, "Allah ya shirya manyan yara." Shi kuma ya ce, "Amin, Sakatariya, har da mai kawo musu shayi." Mai aski ya tuntsire da dariya ya ce ai kunkuru shi ya san makamar matarsa.

Abin ya fara ne da ƙananan abubuwa. Zai yi ta neman sukurdireba alhali tana nan kusa da gwiwar hannunsa. Ya bugi ƙofar ɗakin da ya yi shekara da shekaru yana shiga. Ranar da mai keke ya goge shi a titi ya rantse bai ga tahowarsa ba, Sakatariya ta sa shi gaba sai asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci a ɓoye. Daga gefe yake farawa yana matsowa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi. Maganin ɗigawa sai dai ya rage wa sauran gudu.

Bai yi kuka ba. Ya ci gaba da zuwa shago har ranar da ya haɗa wayar da ba ita ba, talabijin ɗin wani ya yi hayaƙi a hannunsa. Ya zauna ya daɗe yana shaƙar ƙaurin, sannan ya kira mai aski ya taya shi rufe ƙofa. Da ya dawo gida ya miƙa wa matarsa mabuɗi ya ce, "Ajiye. Ai har yanzu ina ganin tsohona."

Gaskiya ne, yana ganinsa, in ya jawo kujera har gaban talabijin. Zanen jini ne ya fara ɓace masa, sai ya riƙa tambaya, "Saura yaya?" Daga baya in abokin faɗa ya ja can gefe, shi ma sai ya ɓace. Sai ya koma saurare. A gem ɗin nan kowane tsalle da ihunsa, kowane duka da ƙararsa, shi kuwa ya san su kamar muryoyin 'yan gidansu. Sakatariya takan gan shi ta ƙofar kicin, kai a karkace, kunne ɗaya wajen talabijin, kuma a lokacin kaɗai take ganin mijinta na da.

Wata ranar hutu ya cinye Dogo, ya sake cinye shi, ya cinye mai aski, ya kuma komawa kan Dogo. Su kuma sai kirari suke yi masa, muryoyinsu sun fi na kullum ƙarfi.

"Kai, tsohon nan bai mutu ba! Da tsohuwar zuma ake magani!"

Ya ajiye hannun gem, abin dannawar da ake riƙewa, a kan cinyarsa a hankali.

"Dogo."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Yaushe ka zama kwaɗo?"

"Kamar yaya?"

"Tun da muke da kai ban taɓa jin ka yi tsalle irin na yau ba. Ka yi tsalle, ka yi ihu, ka sake tsalle, ka faɗo daidai kan sandata. Kai ma, mai aski, haka. Kuna kaɗa mini ƙararrawa ne don in san inda kuke."

Dogo ya buɗe baki zai rantse, ya fasa.

"Na gode," in ji Kunkuru. "Allah ya bar zumunci. Ku sha shayinku." Ya tashi yana shafa bango ya shige ɗaki.

Daga ranar bai sake zama a falo ba. Dogo ya zo, Kunkuru ya ce a ce yana barci. Mai aski ya zo da kayan aikinsa, ya ce a ce kansa na ciwo. Gemu ya taru. Abinci sai ya tsakura ya ture. In 'yarsu ta bugo waya daga makarantar kwana sai ya tashi zaune ya aro murya mai daɗi, ya yi mata barkwanci, tana kashewa ya koma ya juya wa duniya baya. Sakatariya tana kallo tana lissafi a ranta: shago ya tafi, titi ya tafi, abokai sun tafi. Gem ɗin nan da ta tsana shi ne ƙofa ta ƙarshe da mutumin nan ke fitowa ta cikinta, kuma ta ga ana rufe ta a gabanta. In ta rufu, za ta ci gaba da ɗiga wa wani mutum magani a ido safe da yamma, amma ba mijinta ba.

Ita ba mai yawan magana ba ce, lallashi kuma ta yi har ta gaji. Ran nan da ta taso daga aiki, ko mayafi ba ta cire ba, ta goge ƙurar na'urar gem ɗin ta kunna, ta ƙure murya. Fuskoki suka jeru. Ta zaɓi wata yarinya mai jar riga da wuƙaƙe biyu, don rigar ta yi mata kyau. Sannan ta saki yatsunta a kan maɓallan nan yadda take sakinsu a wurin aiki, kaf-kaf-kaf, ba tsayawa. Na'ura ta yi mata dukan kawo wuƙa. Ta sake. Aka sake lallasa ta.

Can sai murya ta fito daga ɗaki.

"Wa ke kashe mini hannun gem?"

"Ni ce."

"Ai na ji. Takardar wa kike bugawa da sauri haka?"

"Faɗa nake yi."

"Da wa? Da iska?"

Ta ƙara wa yatsunta wuta. Sai ta ji jan silifa, da tafin hannu yana bin bango. Ya tsaya a bakin ƙofa, fuska a yamutse kamar wanda aka tasa daga kabari don a tambaye shi hanya.

"Mai jar rigar nan kika ɗauka. Na ji kukan wuƙarta."

"Ita ta yi mini."

"Ita ta yi miki. Ɗinki kika zo zaɓa? Wannan sai wanda ya goge. Jininta kaɗan ne, in aka yi atishawa kusa da ita ta faɗi. Sauka ƙasa, can gefe, akwai wata maƙeriya mai guduma."

"Mummunar nan?"

"Ita. Ba ta da ado, ba ta da wayo, abin da kika ce ta yi shi take yi. Ɗauke ta, kuma kada ki sake ta ko da kullum za a cinye ki. Mai sauya jarumi kullum baƙo ne a gidan kowa."

Ya ce zai koma ya kwanta. Bai koma ba. Ya laluba ya zauna a hannun kujera, yana ƙunƙuni.

"Tattara yatsun nan ki ajiye. Danna ɗaya. Ɗaya na ce, Sakatariya, ba layi guda ba. To. Kin ga inda gudumar ta tsaya?"

"Na gani."

"Nan ne iyakar gidanki. Wanda ya sa ƙafa ciki ki ba shi. Wanda ke waje ki ƙyale shi, ko zagin ki yake yi. Duk wanda ke kai wa iska duka, kansa yake miƙawa."

Haka aka fara. Kullum in ta dawo sai ta kunna, ta yi kamar ba shi take jira ba, shi kuma ya fito yana cewa hayaniya ce ta hana shi barci. Kwanaki da yawa bai bar ta ta kai ko duka ɗaya ba. Kariya kawai. Ta riƙe baya, in an nufo ƙafa ta tsuguna, in an faɗo daga sama ta miƙe.

"To ni yaushe zan rama? Jaka ce ni?"

"In abokin faɗa ya gama haukarsa. Kowane babban duka yana barin ƙofa a buɗe. Ke dai ki tsaya a bakin ƙofar ki jira. In ta buɗe, duka biyu sun ishe ki, kada ki ce sai kin yi na burgewa."

In ta tsorata ta yi tsalle, kafin ta dira ya riga ya ji.

"Me kika manta a sama? Can babu garkuwa. Ƙasa ta ishe ki."

In aka cinye ta ta yi tsaki za ta sake farawa, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya. Me ya kashe ki?" Ta ce ita ina ta sani, duka ne dai. Ya ce to shi zai kashe ta gobe ma, da jibi, har ranar da za ta iya faɗin sunansa.

Wata rana ya ce, "Ina idonki yake?"

"Kan maƙeriyata."

"Ba za ta gudu ba. Kin san inda take, ke ce ita. Shi za ki kalla. Kafaɗarsa, ƙafarsa. Wanda ke kallon kansa a faɗa an gama da shi."

Yana faɗin haka yana nuni da yatsa, kuma yatsan ya kauce wa talabijin, labulen taga yake nunawa. Ta gani. Ta ce, "To, Malam."

Ya fara cin abinci, tunda ba ya lura yana ci in yana faɗa. Ya yarda aka rage masa gemu. Amma ɗaya hannun gem ɗin yana nan kan tebur, ko da kuskure bai taɓa shi ba. Da ta ga ta fara cin na'ura jefi-jefi, sai ta ɗauko ta ɗora masa a cinya.

"Ɗauke abin nan."

"Tsoro kake ji, Injiniya?"

Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Yatsunsa suka zagaye abin da kansu, kamar sun gaji da jiran izini. Kafin ta gyara zama ya gama da ita. Ta yi murna har ta tafa, sai ta ga shi bai yi ba.

"Cin ki ba ci ba ne, Sakatariya. Kamar mutum ya kayar da labule ne." Ya miƙo mata hannun gem ɗin. "Yanzu ba ki iya ba. Ranar da kika iya kuma, ke ma tausayina za ki ji. Duk ɗaya ne."

Maganar ta kwana mata a rai, ta tashi da ita.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo daga aiki ta tarar da Dogo a ƙofar gida, da ledar lemo a hannu, ya kasa ƙwanƙwasawa. Mutum har mutum, ya tsaya kamar ɗalibin da aka kora. Suka gaisa. Ta karɓi ledar, ta tsaya tana murza bakinta, don ba ta saba doguwar magana da abokan mijinta ba.

"Dogo, in tambaye ka. Da can yaya kake cin sa?"

Ya dube ta da mamaki. "Ashe gaskiya ne da mai aski ya ce yana jin gem a gidan nan." Ya sosa ƙeya. "Mai kariya ba a dukansa, matar abokina. Kama shi ake yi. Ki matsa har jikinsa ki cafke ki buga da ƙasa, garkuwa ba ta hana wannan. Da can yana ganina ina tahowa, sai ya tare ni da sanda. Sai na yi dabara, na yi wahala, kafin in samu sau ɗaya."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ko wahala babu. Abin da ya sa ke nan." Ya rage murya. "A gem ɗin nan komai yana da ƙara, ban da tafiya. Tsalle da ihu, gudu da ƙara, amma in kika taka a hankali, shiru ne. Ba zai san kin iso ba sai ya ji shi a ƙasa. To ki gaya mini, in lallaɓa in kama makaho? Mutumin da muka tashi tare?"

Kalmar ta soke ta. Ba wanda ya taɓa furta ta a gabanta.

"Ai abin da yake so ke nan," ta ce a hankali.

"Na sani. Wallahi na sani. Hannuna ne ya ƙi." Ya juya da sauri ya nufi motarsa, yana goge fuska da hular da ya cire.

Da yamma tana ɗiga masa magani, kansa a kan cinyarta, ta ce, "Maigida, yaya ake kamu?"

Idanunsa a rufe, maganin na gangarowa ta gefe.

"Dogo ya zo ke nan."

"Ya kawo lemo."

"Babban baki." Ya ja numfashi. "Maɓallai biyu na gefen hagu, tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Kuma sai kin matso sosai, har inuwarku ta haɗu. In kika yi daga nesa kin rungumi iska, kuma za ki sha sanda." Ya ƙara da cewa, "Koya. Ilimi ne. Amma ba za ki iya yi mini ba."

Ta koya. Ta koya har babban yatsanta ya yi kanta, har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko ta fara sana'ar fasa dutse ne. Tana cikin buga takardar mutane sai ta tsinci yatsunta biyu suna danna tebur tare. Ta iya tsayawa daidai inda sanda ba ta kaiwa. Ta iya jira. Watanni suka shuɗe a haka, kuma a cikinsu ta lura ya daina jawo kujera gaban talabijin. Inda ta zaunar da shi nan yake zama. Bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Wata ranar hutu da rana, irin lokacin da falon kan cika da ihu a da, ta sake ɗora masa hannun gem a cinya. Wannan karon bai ce ta ɗauke ba.

Turmin farko, tsohon ya ja baya ya tsuguna kamar kullum. Maƙeriya na tsaye, fili a buɗe tsakaninsu. Abin da ya rage ta taka kawai. Ta saci kallon mijinta: kai a karkace, baki a ɗan buɗe, yana jiran duniya ta yi motsi ya ji. Sai ta ji yatsanta ya danna sama da kansa. Maƙeriya ta yi ihu ta tashi, ta faɗo kan sanda. Ta sake. Turmi ya ƙare.

Fuskarsa ce kawai ta rufe, irin rufewar da ta yi ranar su Dogo, kuma ta ga yatsunsa sun fara sakin abin da suke riƙe da shi. Ta san in ya ajiye shi yau, ya ajiye ke nan.

"Da saura," ta ce.

Turmi na biyu ya fara. Ta cije leɓe ta danna gaba, a hankali.

Falo ya yi shiru, sai kiɗan gem ɗin can ƙasa-ƙasa. Maƙeriya tana takawa da gudumarta a kafaɗa, ba ƙara ko kaɗan. Tsohon ya miƙo sanda ya soki iska, yana lalube. Ta tsaya daidai bakin iyakarsa har sandar ta koma. Ta ƙara taku. Inuwa ta haɗu da inuwa. Ta danna biyun tare.

Ƙarar faɗuwar ta cika ɗakin. Kunkuru ya zabura a kujera kamar shi aka buga da ƙasa.

"Ke!"

Ta ja baya, ta sake tahowa. Ta sake kama shi. Karo na gaba ya yi cinke ya jefo sanda tun kafin ta iso, ya same ta a goshi, ya bi ta da wani dukan.

"Yauwa! Zo mana! Zo, 'yar gidan maƙera!"

Ya gyara zama ya sunkuyo gaba, gumi na tsattsafo masa a goshi. Rabon da ta ji wannan muryar tun shago na buɗe. Ta cinye turmin. A na ƙarshe ya yi duk abin da ya sani. Ya canza lokacin dukansa, ya yi kamar zai tsuguna ya miƙe, har tsalle ya yi, shi da ya hana ta. Wani cinken ya ci, da yawa suka faɗi a iska. Ita kuwa tana tafe tana dawowa, shiru, tana yi masa abin da ya koya mata da abin da abokansa suka kasa, hawaye na sauka a kan yatsunta har maɓallan suna santsi. Kamun ƙarshe, tsohon ya faɗi, sandarsa ta yi gefe tana ƙara a ƙasa.

Suka zauna. Kiɗan nasara ya yi ya gama.

"Jininki saura yaya?" ya tambaya.

Ta dubi zanen. "Kaɗan ne. Kamar zare."

"Sakatariya."

Ta share hanci da bakin mayafi. "Ya fi rabi."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya ɗaga fuska sama yana ƙifta idanun da suka yi jawur.

"Ya fi rabi," ya maimaita. "To. Yanzu na san inda nake." Can ya ce, "Ban ga komai ba, kin sani ko? Ko haskensa. Ya kwana biyu."

"Na sani, Maigida."

"Kuma kika yi mini wannan ɗanyen aiki."

"Na yi."

"Allah ya isa tsakanina da maƙera." Dariya ta ƙwace masa, ta karye a tsakiya, ya sa bayan hannu ya toshe bakinsa. Ta bar shi har ya gama. Ba ta taɓa shi ba, ko da yake duk jikinta na son ta yi.

Da ya nutsu ya laluba ya gyara riƙon hannun gem ɗin.

"Akwai maganinsa. Dole akwai. Wannan hannun gem ɗin naki yana ɗan ƙara in kin danna gaba, na ji shi sau ɗaya. Matso da kujerarki kusa da ni."

Ta dubi ɗan filin da ke tsakanin kujerunsu. Ta dubi fuskarsa, wadda ta juyo wajenta ta kauce kaɗan.

"Ina nan inda nake," ta ce. "In kana so ka ji, ka kasa kunne."

Ya yi tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa. "Mace ba imani. To kai ni kan tsohon, ban san inda zaɓen ya tsaya ba."

Ta miƙa hannu ta ɗora yatsanta a kan nasa, ta tura shi gefe, ta tura shi ƙasa, har ya tsaya inda ya kamata. Ta janye hannunta ta koma kujerarta, ta goge maɓallan da suka jiƙe, ta jira ya danna.